Bakin fensir, katako, ruwa da gawayi: wanne ne wutar lantarki ke bi? Tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibai, masu koyon aikin waya da magidanta suka fi yi a kan abubuwan da hannu ke taɓawa kullum. Akwai ma'aunai uku da za su yi ta dawowa. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta. Amfiya ita ce yawan wutar da ke gudana. Om kuwa ma'aunin turjiya ne, wato yadda abu ke tare wa wuta hanya: idan om ya yi ƙasa wuta ta samu hanya, idan ya yi sama ta rasa. Wutar gida a Najeriya, Nijar da Gana tana tsakanin bolt 220 da 230.

Me ke sa wani abu ya ɗauki wuta, wani kuma ya ƙi?

Wuta ba ta tafiya sai da abin da zai ɗauke ta, kuma masu ɗaukar nan iri biyu ne. A cikin ƙarfe akwai 'yan ƙwayoyi da ake kira elektiron waɗanda ba a ɗaure suke ba, da an tura su sai su gudana. A cikin ruwa kuma gishirin da ya narke ne ke rabuwa gida biyu, kowane ɓangare ɗauke da caji, su ne ke kai wutar daga wannan gefe zuwa wancan. Abin da ba shi da ko ɗaya cikin biyun, kamar gilashi, tangaran da leda, shi ne ke tare wuta.

Sai dai ba a raba kayan duniya gida biyu cif-cif ba. Abu ɗaya na iya tare wuta da safe ya ɗauke ta da yamma, saboda ya jiƙe, ko ya ƙone, ko an kai shi inda bolt ya fi ƙarfinsa. Yawancin haɗurran da ake samu daga nan suke fitowa.

Da gaske bakin fensir yana ɗaukar wuta? Ai ba ƙarfe ba ne.

Yana ɗauka, kuma ba ƙarfe ba ne. Abin da ke cikin fensir sunansa girafayit, wani nau'in kabon ne, ɗan'uwan gawayi da lu'ulu'u. Dukkansu sinadari ɗaya ne, jerin ƙwayoyinsu ne ya bambanta.

Kowace ƙwayar kabon tana da elektiron huɗu da take ƙulla zumunci da maƙwabtanta. A cikin lu'ulu'u duka huɗun an ɗaure su da maƙwabta huɗu, babu wanda ya rage ya yi yawo, shi ya sa lu'ulu'u ba ya ɗaukar wuta. A cikin girafayit kowace ƙwaya maƙwabta uku kawai take riƙewa, suna yin shimfiɗa mai zanen gidan zuma, shimfiɗa bisa shimfiɗa kamar shafukan littafi. Elektiron na huɗu sake yake, yana zirga-zirga a faɗin shimfiɗar, shi ne ke ɗaukar wutar. Shimfiɗun ba su manne da juna sosai ba, suna zamewa, abin da ya sa fensir ke barin baƙi a takarda ke nan. Haka kuma wuta ta fi bin tsawon shimfiɗa sau ɗaruruwa a kan ta tsallaka daga wannan zuwa waccan.

A shekarar 2004 masana biyu a Jami'ar Manchester ta Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov, sun yi ta ɓare girafayit da salatef har suka samu shimfiɗa guda tak. Wannan aiki ne ya ba su kyautar Nobel a 2010.

Ba dalma ce ake sa wa a fensir ba?

A'a. Lokacin da aka gano babban ma'adinin girafayit a Borrowdale ta arewacin Ingila a ƙarni na 16, mutane sun zaci wata irin dalma ce saboda launinsa, sunan kuma ya bi shi a Turanci. Fensirin zamani garin girafayit ne da yumɓu da aka kwaɓa aka gasa, dabarar da wani Bafaranshe, Nicolas-Jacques Conté, ya fito da ita a 1795.

HB, 2B da 6B duk ɗaya suke wajen ɗaukar wuta? Yaya zan auna?

Ba ɗaya ba ne. Yumɓu ba ya ɗaukar wuta, don haka gwargwadon yawansa gwargwadon turjiya. Fensir mai H yumɓunsa ya fi yawa, ya fi tauri, ya fi turjiya. Mai B girafayit ya fi yawa, ya fi laushi da baƙi, wuta ta fi bin sa. 6B ya fi 2B, 2B ya fi HB, HB ya fi 2H.

Ka fere fensirin ta kai da gindi har baƙin ya fito a ɓangarorin biyu. Idan mai magogi ne sai an yanke gindin. Ka juya maltimita, wato na'urar auna bolt, amfiya da om, zuwa ma'aunin om 200. Kafin komai ka haɗa bakin wayoyinta biyu, ka ga abin da ta nuna, yawanci om 0.2 zuwa 0.5, wannan turjiyar wayoyin ce, za ka cire ta daga sakamako. Sannan ka danna waya ɗaya a kowane baki. Sabon fensir mai tsawon santimita 17 ko 18 yakan ba da daga om kaɗan zuwa om 20 da wani abu, ya danganta da lambarsa da kamfanin da ya yi shi. Jan ƙarfe mai wannan tsawo da kauri ba zai wuce kashi 1 cikin 1,000 na om ɗaya ba.

Idan maltimita ta nuna OL ko lamba 1 ita kaɗai a hagu, galibi baƙin ya karye ne a cikin katakon, kamar yadda yake faruwa da fensirin da ya sha faɗuwa. Idan lambobi suna ta rawa, matsin hannunka ne ke canjawa. Ka sa 'yan matsen waya masu haƙora su riƙe maka.

Layin da aka zana da fensir a takarda zai iya kunna ƙwai?

Zai kunna ƙaramin ƙwan LED, ba zai kunna ƙwan tocila mai zare ba. Layin siriri ne ƙwarai, turjiyarsa kan kai dubban om ko ma miliyoyi, wutar da ke ratsa shi kaɗan ce. LED kuwa ko da ƙasa da kashi 1 cikin 1,000 na amfiya yakan nuna ɗan haske.

Kana buƙatar batir mai bolt 9, jan LED, fensir 6B da takarda mai kauri. Ka zana layuka biyu kusa da juna amma kada su haɗu, kowanne tsawon santimita 5, faɗin kusan santimita 1. Ka yi ta maimaita zanen har wurin ya yi ƙyalli, babu farin takarda a tsakani. Ka buɗe ƙafafun LED, ka ɗora ɗaya a kan kowane layi, ka danne da salatef. Doguwar ƙafar ita ce ke bin layin da zai taɓa bakin batir mai alamar tarawa. Ka kifa batirin a ɗaya ƙarshen, kowane baki a kan layinsa. A ɗaki mai duhu za ka ga haske, kuma idan ka matso da batirin kusa da ƙwan hasken zai ƙaru, domin hanyar ta gajarta.

Idan bai kama ba, abu huɗu za ka duba: an juya ƙafafun LED, ko layin bai yi kauri ba, ko takardar ta lanƙwashe ta tsaga layin, ko hannu ya shafa baƙin ya haɗe layukan biyu. Kada a haɗa LED kai tsaye da batir mai bolt 9 don a gwada ko yana da rai, nan take zai ƙone. A sa rizisto, wato ɗan abin da ke rage yawan wuta, mai om 470 a tsakani. Kada kuma a ɗora fensir a kan batirin mota. Bolt 12 a kan om 10 ya haura amfiya ɗaya, baƙin zai yi zafi, katakon ya yi hayaƙi, yana iya tsagewa ko ya kama da wuta. Soket ɗin gida kuwa ba wurin irin wannan gwaji ba ne ko kusa.

To me ya hana a yi waya da girafayit? Ina ake amfani da shi?

Ko tsantsarsa ya fi jan ƙarfe turjiya sau ɗaruruwa, kuma karyewa yake yi ba ya lanƙwasuwa. Amma yana da halaye biyu da jan ƙarfe ba shi da su: santsi, da jure zafi. Ba ya narkewa kamar ƙarfe, sai zafi ya haura digiri 3,600 yake tashi ya zama hayaƙi.

Santsin ne ya sa ake yin burushin janareta, injin huda, giranda da bilanda da shi. Burushin yana goga jikin abin da ke juyawa yana miƙa masa wuta, shi yana cinyewa a hankali, jan ƙarfen da yake gogawa kuma yana tsira. Idan janareta yana ruri amma ba ya ba da wuta, ko giranda tana tartsatsi tana yankewa, burushi na cikin abin da ake fara dubawa. A canja biyun tare, a tabbatar sabon yana zamewa cikin gidansa ba tare da maƙalewa ba, kuma sifirin ɗinsa yana dannawa. Masu sassaƙa sandar tsohon batir su cusa a maimakon burushi suna rage kuɗi a yau, amma taurinta ba a daidaita shi da wannan aiki ba, tana iya cin jan ƙarfen da gyaransa ya fi burushi tsada nesa ba kusa ba.

Baƙar sandar da ke tsakiyar batirin tocila kabon ce. Batirin wayar hannu ma ɓangarensa ɗaya girafayit ne. A masana'antar narka ƙarfe da lantarki, manyan sandunan girafayit ne ke kai wutar cikin tukunya. Baƙin ɗigon da ke bayan maɓallan rimot shi ma kabon ne, shi ya sa shafa masa fensir mai laushi kan farfaɗo da maɓallin da ya mutu na ɗan lokaci.

Katako fa? An ce wuta ba ta bin sa.

Busasshen katako mai tsabta yana tare wuta sosai. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Katako yana shan ruwa daga iska yana kuma sakinsa, kuma a cikinsa akwai gishirin da bishiyar ta tsotso daga ƙasa tun tana raye. Da ruwa ya shiga, gishirin ya narke, hanya ta buɗe.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Daga katakon da aka busar ƙarƙaf a tanda zuwa wanda ruwansa ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa, turjiya tana sauka fiye da sau biliyan ɗaya. Wannan ne ma tushen na'urar auna danshin katako mai allurai biyu da kafintoci ke soka wa katako: turjiya take aunawa, sai ta fassara ta zuwa yawan ruwa.

Ko ruwan sama bai taɓa katako ba, yanayi yana canja shi. Da hunturu, idan danshin iska ya sauka kusan kashi 20, ruwan cikin katako kan tsaya wajen kashi 4 zuwa 5. Da damina, idan danshin ya kai kashi 80, yakan hau kusan kashi 16. Wato bencin da ya tare wuta a watan Janairu ba shi ne na watan Agusta ba, ko da ido bai ga canji ba. Ƙara da gumi, ƙura, ƙusoshi, da maganin gara da ake jiƙa katako da shi, wanda sau da yawa gishirin jan ƙarfe ne. Saboda haka ba ma ɗaukar katako a matsayin kayan kariya. Mai aikin wuta tsanin faiba ya kamata ya hau, kuma allon katako da ake kafa mita da fis a kansa ya kasance inda ruwa ba ya zuba.

Idan wuta ta kama mutum, zan iya ture shi da sanda?

Abu na farko shi ne kashe wutar: a sauke babban makunni, a zare fis, ko a kashe janareta. Kada a taɓa mutumin da hannu. Idan babu halin kashewa, kuma wutar gida ce, za a iya ture wayar ko hannunsa da busasshiyar sanda, muciya busasshiya ko kujerar roba, mai ceton yana tsaye a busasshen wuri. Reshen da aka karyo yanzu, taɓarya mai laima ko sandar mofa da ta jiƙe ba su shiga ciki ba.

Idan babban layi ne, irin mai bolt 11,000 ko 33,000, babu sandar da za ta yi. A ja baya aƙalla mita 10, a hana kowa matsowa, a kira kamfanin wuta. Wayar da ta faɗo tana watsa wuta cikin ƙasa, ƙarfin yana raguwa da nisa, don haka ƙafa biyu da aka ware suna iya samun bolt daban-daban, wuta ta shiga ta ɗaya ta fita ta ɗaya. Wanda ya tsinci kansa kusa ya haɗe ƙafafunsa ya ja su a ƙasa kaɗan-kaɗan har ya fita. Wanda wuta ta ja kuma a kai shi asibiti ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, domin bugun zuciya na iya rikicewa daga baya. Idan ba ya numfashi, a fara danna masa ƙirji nan take bayan an raba shi da wutar.

Bishiya mai rai da doguwar gora?

Bishiya cike take da ruwa mai gishiri, tana ɗaukar wuta. Reshen darbejiya ko mangwaro da ke gogar waya yana iya sauko da wuta har gindi, kuma mai sara a sama yana cikin haɗari ko bai taɓa wayar ba. Dalilin da ya sa ba a fakewa a gindin bishiya lokacin tsawa ke nan.

Gorar tsinkar mangwaro, sandar eriya da rodin gini suna da ƙarin matsala kusa da babban layi: ba sai sun taɓa ba. Busasshiyar iska tana tare kusan bolt 3,000 a kowace milimita, idan an wuce haka sai ta tsage wuta ta tsallako, kuma laima, ƙura da tsinin ƙarfe suna sauƙaƙa tsallakowar.

Gawayi da ƙonannen abu suna ɗaukar wuta?

Gawayi ya danganta da zafin da aka yi shi. Wanda aka turara a ƙasa da digiri 500 turjiyarsa tana da yawa. Idan zafi ya kai digiri 700 zuwa sama, ƙwayoyin kabon sukan fara jeruwa irin na girafayit, sai ya ɗauki wuta sosai. Shi ya sa gawayi biyu daga buhu ɗaya kan ba da lambobi mabambanta a maltimita. Ƙwan lantarkin da Thomas Edison ya kunna a 1879 zaren auduga ne da aka mayar gawayi, daga baya ya koma amfani da gora.

Wannan magana tana da nauyi a aikin gyara. Idan soket, makunni ko allon mita ya yi tartsatsi ya bar baƙin tabo, tabon nan kabon ne. Wuta kaɗan za ta riƙa bin sa, ta ƙara ƙona wurin, kabon ya ƙaru, hanya ta faɗaɗa, har wata rana ya kama. Goge shi da tsumma ko naɗe shi da salatef ba ya raba shi da kabon ɗin da ya shiga jikinsa. Canja shi ake yi, a kuma yanke bakin wayar da ya ƙone a fere sabo. Fulogin babur ma haka ne: idan baƙin hayaƙi ya lulluɓe farin tangaran ɗinsa, wutar sai ta bi ta kan baƙin ta sulale, ba ta tsallaka ta yi tartsatsi ba, injin ya ƙi tashi.

Me ya sa ake zuba gishiri da gawayi a ramin atin, wato inda ake kafa sandar da ke kai wuta ƙasa?

Domin ƙasa ba ta ɗaukar wuta sai da laima da gishiri. Gawayi yana riƙe ruwa, gishiri yana narkewa a ciki. Dabarar tana aiki, amma gishiri yana cin sandar da mahaɗinta, kuma ruwan sama yana wanke shi cikin 'yan shekaru. Abin da ya fi ɗorewa shi ne a kafa sanda mai rufin jan ƙarfe ta kai inda ƙasa ke da laima duk shekara, idan ɗaya ba ta isa ba a ƙara wata a nesa da ita gwargwadon tsawonta ko fiye, a haɗa su. A auna atin a ƙarshen rani, lokacin da ƙasa ta fi bushewa, domin awon damina yana ruɗin mutum.

Ruwa yana ɗaukar wuta ko ba ya ɗauka?

Tataccen ruwa da babu komai a cikinsa kusan ba ya ɗauka. Amma ruwan famfo, rijiya, burtsatse da na leda duk suna da narkakkun gishirai, kuma suna ɗaukar wuta fiye da tsantsar ruwa sau ɗaruruwa zuwa dubbai. Ruwan teku ya fi tsantsar ruwa kusan sau miliyan ɗaya.

Babban haɗarin ruwa shi ne abin da yake yi wa fata. Busasshiyar fata mai kauri tana iya kai om 100,000. Jiƙaƙƙiya, ko mai gumi, tana saukowa kusan om 1,000. Raba bolt 230 da om 1,000, ka samu kusan kashi 230 cikin 1,000 na amfiya. Jiki yana fara jin wuta daga kashi 1. Daga kashi 10 zuwa 15 hannu yana damƙewa ya kasa saki. Daga kashi 50 zuwa 100 zuciya tana iya rikicewa. Shi ya sa na'urar kariya da masu waya ke kira RCD take yanke wuta a kashi 30, kuma muna ganin bai kamata a haɗa hita ta banɗaki, injin wanki ko famfon tura ruwa ba tare da ita ba. Hitar da ake tsomawa a bokiti kuwa, a zare ta daga soket kafin a sa hannu a ji ɗumin ruwan.

Gishiri, sukari da kanwa fa?

Busasshen gishiri ba ya ɗaukar wuta, sai ya narke. Sukari ko ya narke ba ya ɗauka, domin ba ya rabuwa zuwa ɓangarori masu caji. Ruwan kanwa, ruwan toka da ruwan lemon tsami suna ɗauka. Fetur, kananzir da man gyaɗa ba sa ɗauka, kuma mai na musamman ne ake cika taransifoma da shi don ya tare wuta ya kuma sanyaya ta.

Za ka iya gani da idonka. Ka jera batir mai bolt 9, rizisto mai om 470 da LED, ka bar giɓi, ka ɗaura guntun bakin fensir a kowace wayar giɓin, ka tsoma su a kofi ba tare da sun taɓa juna ba. Da tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, ba asid ba, ƙwan ba zai kama ba, ko ya yi ɗan ja da ƙyar. Zuba sukari cokali ɗaya, babu canji. Zuba gishiri cokali ɗaya, sai haske. Za ka ga kumfa a jikin fensiran, kana iya jin warin bilic kaɗan. Iskar kulorin ce, don haka a yi a fili, kada a wuce minti ɗaya ko biyu, a kuma zubar da ruwan.

Silifas, safar roba da tayar mota suna kare mutum?

Tsantsar roba tana tare wuta, amma silifas ba a yi su don wannan aiki ba. Suna sirancewa, ƙusa ko ƙaya na hudawa, ruwa na hawa kansu. Daɓen siminti, bangon ƙasa da jiƙaƙƙen tayil duk suna kai wuta ƙasa, kuma ko da ƙafa ta tsira, hannu ɗaya a waya, ɗayan a bango, ya isa. Safar wanke-wanke ma ba kariya ba ce. Safar masu aikin wuta tana da lamba a jikinta: aji 00 na bolt 500, aji 0 na bolt 1,000, kuma ana hura mata iska a duba huda kafin a sa.

Tayar mota cike take da garin kabon, wanda shi ke ba ta baƙi, ga kuma wayoyin ƙarfe a ciki. Abin da ke kare na cikin mota idan waya ta faɗo mata ko tsawa ta sauka shi ne jikin ƙarfen, wuta tana bin bayansa. Don haka a zauna a ciki. Idan gobara ta tilasta fita, a yi tsalle da ƙafa biyu a haɗe, kada a taɓa mota da ƙasa a lokaci ɗaya.

Duk ƙarafa ɗaya suke? Yaya ake gane jabun waya?

Azurfa ce gaba, sai jan ƙarfe dab da ita, sai zinariya, sai alminiyam mai kusan kashi 61 cikin 100 na ƙarfin jan ƙarfe. Baƙin ƙarfe bai kai kashi 20 ba. Tsatsa da fenti suna tare wuta, shi ya sa ake kankare wuri kafin a ɗaura wayar atin ko kan batir.

A kasuwa akwai wayar alminiyam ko ta baƙin ƙarfe da aka yi wa rufin jan ƙarfe. Ka kankare silin da wuƙa: idan fari ya fito, rufi ne. Ka kai maganaɗisu: idan ya kama, baƙin ƙarfe ne. Ka sa wa sili ɗaya wutar ashana: alminiyam yana narkewa a digiri 660, zai lanƙwashe ya zube, jan ƙarfe kuwa sai 1,085, zai yi ja ne kawai. Nauyi ma yana tona asiri, domin alminiyam bai kai sulusin nauyin jan ƙarfe ba. Mita 100 na wayar jan ƙarfe mai lamba 2.5 ya kamata ta ba da kusan om 0.7; idan ta haura om ɗaya, ko ba jan ƙarfe ba ce ko an rage mata kauri. Irin wannan waya tana zafi a ƙarƙashin lodin da aka rubuta mata, kuma mahaɗanta suna saki.

Fis ya ƙone, zan iya naɗa masa takardar alminiyam ko in sa waya mai kauri?

Kada a yi. Wutar za ta dawo, domin alminiyam yana ɗaukarta, amma fis an yi shi ne ya narke a daidai wani adadi, misali amfiya 13 a fulogin gida, kafin wayar cikin bango ta yi zafi. Idan aka sa abin da ba a san inda zai narke ba, wayar bangon ce za ta karɓi zafin. A nemo abin da ya ƙona fis ɗin, sannan a sa irinsa.

Maltimita ta nuna OL a kan abu. Shi ke nan ba ya ɗaukar wuta?

Abin da ta faɗa maka shi ne, a 'yan bolt ɗin da take gwaji da su, turjiyar ta wuce iyakar awonta. Ƙarar da take yi kuma sai turjiya ta sauka ƙasa da om 30 zuwa 50, saboda haka jiƙaƙƙen katako ba zai sa ta yi ƙara ba, alhali a bolt 230 yana iya wuce da wutar da za ta ja mutum. Idan za ka auna abu mai turjiya da yawa, ka sa ta a ma'aunin om miliyan 20, kuma kada yatsunka su taɓa bakin wayoyin biyu, in ba haka ba jikinka kake aunawa.

Rigar waya da kayan tare wuta da wata na'ura ake gwada su, wadda masu aikin ke kira mega, tana tura bolt 500 ko 1,000. A wayoyin gida ana gwadawa da bolt 500, bayan an kashe wuta an zare duk kayan da ke soket da ƙwayaye, domin wannan ƙarfi yana lalata talabijin da caja. Sakamakon kada ya gaza om miliyan ɗaya, sabuwar waya mai kyau kuwa takan nuna ɗaruruwan miliyoyi. Idan lambar ta faɗi bayan an yi ruwa ta kuma tashi da rana ta fito, laima ce ke shiga wani mahaɗi, sai a bi akwatunan waje da bututun da ke ƙarƙashin ƙasa ɗaya bayan ɗaya.